A Dawo Mini da Kwalbar, Kuma Don Allah Kada a Wanke Ta

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Sashen Tsabtar Muhalli da Duba-Gari,
Hukumar Kula da Gari.

Daga:
Tsohon akawu mai ritaya,
Gida mai lamba tara, hawa na biyu, ƙofar hagu,
Rukunin Gidajen Tsofaffin Ma'aikata.

Talata, 8 ga Yuli, 2025.

GAME DA: ƘORAFI KAN KWALABE UKU NA ABINCIN KIFI DA JAMI'ANKA SUKA ƊAUKA A MATSAYIN MATATTARAR SAURO, DA ROƘON A SAKO TA UKUN KAFIN RANAR JUMA'A

Ranka ya daɗe,

Ina miƙa gaisuwata cikin ladabi, tare da fatan kai da ma'aikatanka kuna cikin ƙoshin lafiya. Ni mutum ne da ya ƙare ƙuruciyarsa a bayan tebur yana karɓar takardun ƙorafi irin wannan, don haka na san yadda ran shugaba yake ɓaci idan ya buɗe ambulan ya ga shafi ya wuce ɗaya. Ka yi haƙuri da ni. Maganar kifi ce, kifi ɗaya tak, wanda tsawonsa bai wuce ɗan yatsana ba, amma zaman lafiyar gidana a wuyansa yake rataye.

Kafin in jero ƙorafina, wajibi ne in gabatar da wanda abin ya shafa. Maiɗakina, wadda duk rukuninmu ke kira Malama saboda ta yi shekaru tana koyar da ilimin halittu, tana da tankin gilashi a falonmu. Ruwan cikinsa na gishiri ne irin na teku, da hannunta take haɗa shi, akwai duwatsun murjani a ciki, da kifaye biyu masu ratsin fari da ruwan lemo, da jatan lande guda. Sai kuma shi mai gayya, wani kifi da ake kira mandarin, wanda ita ta laƙaba wa suna Ɗan Kwalisa. In ka gan shi za ka ce sunan ya dace. Jikinsa shuɗi ne da kore da ruwan lemo, an zana su layi-layi a lauye, kamar wanda ya je wajen tela ya ce a haɗa masa duk yadin da ke shagon. Ba ya ninƙaya kamar sauran kifaye, sai dai ya riƙa ɗan tsalle daga dutse zuwa dutse yana leƙe-leƙe, yana hura hanci.

Matsalarsa ɗaya ce, baki. Wannan bawan Allah ba ya cin abincin kifi na kanti. Ko ka barbaɗa masa a ka, sai ya kauce ya bar ka da abinka. Abin da yake ci wasu ƙananan halittun ruwa ne masu rai, ƙanana ƙwarai, kamar ɗigon gari, waɗanda Malama ke kira 'yan mitsil. Yini yake yana tsintar su ɗaya-ɗaya a jikin dutse. Da yake tankinmu ba babba ba ne, 'yan mitsil ɗin ciki ba sa isarsa, shi ya sa Malama take kiwonsu a barandarmu cikin manyan kwalabe uku masu faɗin baki. Ruwan kwalaben kore ne shar, domin koren shi ne abincinsu, kuma akwai siririn tiyo da ke hura musu iska. Kowace safiya a ɗebi ludayi guda, a tace, a juye a tanki. Wato, ranka ya daɗe, ana ciyar da ruwa, ruwa ya ciyar da 'yan mitsil, 'yan mitsil su ciyar da Ɗan Kwalisa, shi kuma ba ya ciyar da kowa sai ido.

A nan ne maganar ido ta shigo. Yau shekara biyu ke nan yanar ido take rufe wa Malama gani a hankali, har ta kai ba ta ganin kifin sai kamar inuwa mai motsi. Ba ta fasa kula da shi ba, da lalube take yi, ni kuma kowace la'asar in ja kujera in zauna kusa da ita ina ba ta labari: ya hau dutsen dama, ya ɗaga tutar bayansa, wato fiffiken da ke gadon bayansa, ya harari jatan lande. A watan jiya aka yi mata aikin ido, ɗaya bayan ɗaya, kuma likita ya ce ta zauna gidan 'yarmu kusa da asibiti har ta warware, ban da sunkuyo, ban da taɓa ruwan gishiri. Ta bar mini amanar tankin bayan ta sa na maimaita mata ƙa'idojinsa kamar ɗan aji ɗaya. Ranar Asabar mai zuwa, 12 ga wata, za ta dawo gida da ido biyu garau.

Ga ƙorafina:

1. A ranar Alhamis, 26 ga Yuni, da hantsi, jami'anka biyu suka ƙwanƙwasa ƙofata, babban duba-gari mai riƙe da fayil da kuma mai feshi ɗauke da tulunsa a baya. Suka ce ana kukan sauro a rukuninmu. Na yi musu maraba, domin ni ma sauron bai bar ni ba. Da babban jami'in ya leƙa baranda ya ga kwalabe uku da koren ruwa, ya sunkuya ya ga abubuwa suna wutsil-wutsil a ciki, sai fuskarsa ta washe kamar wanda ya tsinci abin da ya daɗe yana nema. Nan take ya yanke hukunci cewa tsutsar sauro ce. Na yi masa bayani cikin girmamawa cewa ruwan teku ne, da gishiri sosai, ga kuma iska tana motsa shi dare da rana, ba kwantaccen ruwa ba ne. Na roƙe shi ya ɗanɗana ya ji. Ya ce shi ba a aiko shi shan ƙazanta ba, kuma ban ga laifinsa a nan ba. Sai na tsoma yatsa na lasa a gabansa domin ya gamsu. Maimakon ya gamsu, sai ya buɗe fayil ya yi rubutu, daga baya na ga abin da ya rubuta, wai mai gidan yana shan ruwan. Ina so a gyara wannan a fayil. Lasa na yi, ba sha ba. Kafin in rufe baki ya ɗauki kwalba ta farko ya tuttular a magudanar baranda, ina ji ina gani.

2. Mai feshi kuwa sai ya fara buga famfon tulunsa ya nufi falo. Ranka ya daɗe, cikin ƙa'idojin da Malama ta sa na haddace, ta farko ita ce ko turaren wuta ba ya shiga falon nan, balle maganin ƙwari, domin abin da ke kashe sauro shi ne ke kashe 'yan mitsil da jatan lande. Ba shiri na fizgo zanin gado na lulluɓe tankin, na tsaya a gabansa na ware hannuwa, ni da ke fama da gwiwa. Na gode wa Allah ya fasa fesa falon. Amma da yake ya riga ya matsa, abin da ya fito ya sauka a wandona da takalmana, kuma ya tabbatar mini cewa ba ya cutar da manya. Ban mutu ba, gaskiya ne. Na dai yini ina atishawa, kuma har yau ƙuda bai ƙara sauka a wannan wandon ba.

3. Bayan haka babban jami'in ya zare tiyon iska daga sauran kwalabe biyun, ya ce zai tafi da su ofis a matsayin shaida. Ya bar mini takardar gargaɗi da ta hana ni ajiye kowane irin ruwa a buɗe a baranda, sai da izini. Na bi su har ƙasan bene ina roƙon a bar mini ko da kofi ɗaya in yi iri, ya ce shaida ba a gutsura ta. Na ga mai feshi ya rungumi kwalaben yana sauka, ruwan yana fantsala a matakala, kowane ɗigo abincin yini ne ga Ɗan Kwalisa.

4. Wannan ba ƙara ba ce, kuma ina roƙon kada a ɗauke ta a matsayin ƙara. A bayan benenmu akwai mai faci, mutumin kirki, muna gaisawa, ya sha hura mini tayar keke bai karɓi komai ba. A gefen rumfarsa akwai tsofaffin tayoyi jibge sun kai tsayin mutum, kowace cike da ruwan sama tun farkon damina. A jikinsu jami'anka suka ajiye motarsu. Mai feshi ma a kan ɗaya daga ciki ya zauna ya ɗaure igiyar takalminsa, yana ta marin wuyansa. Na faɗi wannan ne kawai domin fayil ya cika.

5. Halin da kifin ke ciki. Kwanakin farko ya ci gaba da tsintar abin da ya rage a duwatsu, ni kuma na shiga nema. Na je wajen mai shagon kifayen ado, inda Malama ta samo irin tun asali, ya ce nasa sun ƙare, sababbi sai ƙarshen Yuli, kuma ya ce mini a fili wannan kifin ba zai kai lokacin ba. Na dawo na yi bakin ƙoƙarina. Na niƙa abincin kanti ya zama gari, ya ƙi. Na murmushe gwaiduwar ƙwai, ya ƙi. Na daka ɗanyen kifi na sa masa a bakin tsinke, na kai har gaban hancinsa ina lallashi kamar mai ba jariri magani, ya dube ni da idanun nan nasa masu juyawa ya koma bayan dutse. Duk abin da ya ƙi, masu ratsin nan biyu ne suke lamushewa, yanzu sun yi ɓul-ɓul har sun fara nauyin juyawa, jatan lande ma ya yi ƙiba. Shi kuwa cikinsa ya lotsa. Wani layi ya fito a gefensa wanda a da tsoka ta rufe shi, kuma Malama ta taɓa gaya mini cewa idan aka ga wannan layin to yunwa ta ci ƙarfinsa. Ya daina ɗaga tutar bayansa. Jiya na gan shi yana saran dutse wurin da babu komai, ya sara, ya tsaya, ya sake sara. Ranka ya daɗe, ni ba mai saurin kuka ba ne, amma na tashi na shiga kicin na daɗe ina wanke kofin da ba shi da datti.

6. A ranar Litinin, 7 ga Yuli, wato jiya, na zo ofishinka da kaina, bayan zuwa biyu da na yi a makon jiya aka ce jami'in ya fita aiki. An tura ni daga teburin karɓar baƙi zuwa ofishin fayil, daga can zuwa sito, kuma a matsayina na tsohon akawu ina yaba yadda aka yi turin cikin tsari, ba wanda ya ɗaga mini murya. Mai kula da sito, dattijo mai fara'a, ya gane kwalaben tun kafin in gama kwatance. Ya nuna mini ta biyu a kan teburinsa. Wallahi da farko ban gane ta ba. Tana ƙyalli, an wanke ta tas da sabulu ciki da waje, an zuba sukarin shayin ma'aikata a ciki. Ya ce baiwar Allah mai sharar ofis ce ta ga kwalba mai kyau haka da datti, abin ya dame ta, ta ɓata rabin safiyarta tana dirza, koren nan ya ƙi fita sai da ta sa soso na ƙarfe. Aka kira ta, ta zo tana murmushi tana jiran godiya. To me zan ce? Na yi mata godiya. Aikinta ta yi, kuma ta yi shi da kyau, ban taɓa ganin kwalbar nan da tsabta haka ba tun da muka saye ta.

Sai na tambayi ta ukun. Allah da ikonsa, an ɗora ta can saman taga a bayan kabad, inda hannun mai shara bai kai ba. Na roƙa aka ba ni kujera na hau, gwiwa ko ba gwiwa. Ruwan ya ɗan ragu, koren ya dushe, amma da na sa tabarau na kara ido da gilashin, sai na gan su. Suna nan da ransu, suna ɗan zillo a jikin kwalbar, ba su san ma an kama su ba. Na kusa rungume mai sito. Ya ce shi ba zai iya sakin shaida ba sai da sa hannun shugaba, wato kai, kuma ya sanar da ni cewa ranar Juma'ar nan, 11 ga wata, ita ce ranar kwalimar sito, ranar da ake zubar da duk abin da ke da ruwa a wanke mazubinsa. Mai shara ta ce in kwantar da hankalina, wannan karon za ta nemi tsani.

Ina jawo hankalinka da ladabi ga abu ɗaya. Kwalbar nan ta zauna a buɗe a sitonka tun ranar da aka kawo ta. In da tsutsar sauro ce a ciki, da tuni ta yi fiffike ta cinye ma'aikatanka. Na tambayi mai sito ko ya ga sauro ya fito daga ciki, ya ce ko ɗaya, shi ma abin ya ɗaure masa kai. Ke nan ofishinka da kansa ya yi gwajin, kuma sakamakon yana saman taga.

7. Na bar wannan a ƙarshe domin shi ne ya hana ni sukuni. Ban gaya wa Malama ba. Likita ya ce kada a tayar mata da hankali, 'yarmu kuma ta gargaɗe ni da kakkausar murya. Ban yi mata ƙarya ba, duk sanda ta tambaya a waya ina cewa yana nan, kuma yana nan ɗin. Ita kuwa tun da aka buɗe mata ido ba ta bar kowa ya huta ba. Ta gano labulen 'yarmu bai dace da kujerunta ba. Ta gano surukinmu ya yi sanƙo, abin da ya shekara biyu yana ɓoyewa cikin kwanciyar hankali. Da na je duba ta, ta daɗe tana kallona, sannan ta tambaya yaushe na tsufa haka ban gaya mata ba. Na ce ita ma ai madubi yana nan yana jiranta, muka yi dariya har 'yarmu ta leƙo.

Shekaranjiya a waya na tsokane ta, na tambaya wa ta fi ɗokin gani a gida, ni ko kifi. Ko numfashi ba ta ja ba ta ce:

"Kai ai na gan ka, Malam, na kuma yi haƙuri. Shekara biyu kana ba ni labarin shuɗin nan da baki, yanzu ina so in gani da idona ko ƙari kake yi."

Ranka ya daɗe, ban yi ƙari ba. Duk abin da na faɗa mata a la'asar ɗin nan gaskiya ne, kuma ina tsoron ta shigo ranar Asabar ta tarar da shi kwance a bayan dutse, ko ta tarar babu shi. Tsoro nake ji ƙwarai, ba na faɗanta ba, faɗanta na saba da shi. Tsoron shirun da za ta yi nake.

Saboda haka, cikin ƙasƙantar da kai, ina roƙon alfarmarka kamar haka. Ka sa hannu a sako mini kwalba ta uku gobe Laraba ko jibi Alhamis, kafin ranar kwalima. A ba ni ita yadda take, da korenta da dattinta da komai. Kada a wanke ta, kada a tace ta, kada wani mai tausayi ya ga ruwan ya ragu ya ƙara mata na famfo. Kada a aiko ta a bayan mota, ni zan zo in rungume ta da kaina. Ka ba da umarni a ɓoye tsani daga mai shara har zuwa lokacin, tare da isar mata da gaisuwata. A janye takardar gargaɗin, ko a ba ni izinin ci gaba da kiwon 'yan mitsil a baranda, na yi alkawarin rufe bakin kwalaben da ragar sauro domin hankalin kowa ya kwanta. A kuma gyara batun shan ruwa a fayil. Kwalba ta biyu na bar wa ma'aikata, su ci gaba da zuba sukari, Allah ya sa albarka.

Ba na neman a hukunta kowa. Babban jami'inka sauro yake yaƙa, kuma ina tare da shi a yaƙin. In ma yana da hali, ina gayyatarsa, da kai kanka, ku zo wata la'asar bayan kifin ya murmure ku ga abin da aka yi duk wannan wahalar dominsa. Akwai kujeru, akwai shayi, ba za a ce kowa ya ɗanɗana komai daga kwalba ba.

Mai shagon kifi ya ce idan Ɗan Kwalisa ya samu abinci kwana biyu ko uku a jere, cikinsa ba zai cika ba tukuna, amma zai fito daga bayan dutse, zai ɗaga tutarsa, launinsa zai dawo. Iyakar abin da nake nema ke nan. Furfurata da Malama ta gani ba ta da gyara, ba kuma sashenka ne ya jawo ta ba. Amma kifin nan har yanzu yana da gyara, kuma gyaran yana saman tagar sitonka, yana jiran alƙalaminka. Kujeru biyun suna nan gaban tankin inda muka bar su. Ina so ranar Asabar in zauna a tawa in yi shiru, ita ta ba ni labari.

Ka huta lafiya, Allah ya ƙara girma, ya kuma raba ofishinka da sauro na gaskiya.

Naka mai biyayya,

(sa hannu)
Tsohon akawu, mijin Malama,
Mai riƙon amanar Ɗan Kwalisa.